Katun ɗin Kirsimeti da Goron Sallah

Ranar 9 ga Disamba, 1965, gidan talabijin na CBS a Amurka ya nuna wani ɗan gajeren katun mai suna A Charlie Brown Christmas, wanda ko minti 30 bai cika ba. Manyan gidan da suka kalle shi kafin a sake shi ba su ji daɗinsa ba. Sun ga tafiyarsa da sanyin jiki, muryoyin da ke ciki na ƙananan yara ne, babu dariyar nan da ake naɗa a saka don mai kallo ya san inda zai dara, sannan ga wani yaro a tsakiyar shirin ya miƙe yana karanto labarin haihuwar Yesu Almasihu daga sura ta 2 ta Bisharar Luka. Da yake an riga an yi sanarwa, dole aka nuna shi. A daren nan kusan rabin gidajen da suka kunna talabijin a Amurka shi suka kalla, kuma daga lokacin aka yi shekaru masu yawa ana maimaita shi kowace shekara.

Labarin ba shi da tsawo. Charlie Brown, yaron da Charles Schulz ya daɗe yana zanawa a jaridu, ya rasa abin da ke masa daɗi a lokacin da kowa ke murna. Karensa ya shiga gasar ƙawata gida don ya ci kuɗi. Ƙanwarsa ta sa shi ya rubuta mata wasiƙa zuwa ga Fada Kirsimeti, tsohon nan mai jar riga da farin gemu, tana cewa idan jerin kayan da take so ya yi yawa, a aiko mata da tsabar kuɗi kawai. Da aka aike shi ya samo bishiyar Kirsimeti ta alminiyam mai ƙyalli, irin wadda ake yayi a lokacin, sai ya ɗauko wata 'yar ramammiyar bishiya ta gaske da ganyenta ke zuba. Abokansa suka yi masa ele. Daga baya jikinsu ya yi sanyi, suka taru suka ƙawata masa ita, suka tsaya tare suna waƙa. Saƙon a fili yake: saye-saye ya cinye bikin, abin da ya kamata a riƙe shi ne ibada da zama tare.

To, wa ya biya kuɗin wannan wa'azi? Kamfanin Coca-Cola. Shi ya nemi a yi shirin, kuma a nunin farko har da sunansa a farkon katun ɗin da ƙarshensa, kafin daga baya a yanke.

Wannan ba wani abin mamaki ba ne ga wanda ya bi sawun irin waɗannan labarai. Tun a 1843 Charles Dickens ya rubuta A Christmas Carol a Ingila, labarin wani attajiri marowaci da fatalwowi suka firgita har ya koma mai kyauta, ya je cin abinci gidan ɗan 'yar'uwarsa da ya daɗe yana gudu. Shi ne tubalin farko. Da talabijin ta zo, katun na farko da aka yi musamman don Kirsimeti a Amurka, a 1962, wannan labari na Dickens aka juya, kuma kamfanin agogo na Timex ne ya ɗauki nauyi. Labarin Rudolph, wata irin barewa ta ƙasar ƙanƙara mai jan hanci da 'yan'uwanta suka tsangwama, asalinsa ɗan littafin talla ne: wani ma'aikacin kantin Montgomery Ward mai suna Robert May ya rubuta shi a 1939, kantin ya raba wa yaran masu sayayya kwafi sama da miliyan 2. Da aka mai da shi shirin talabijin a 1964, kamfanin General Electric mai sayar da kayan lantarki ne ya biya, har 'yan tsanan da ke cikin shirin suka riƙa fitowa a tallar kayansa. Su kuwa 'yan tsanan, a Japan aka yi aikin motsa su.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne na 1966, How the Grinch Stole Christmas. Grinch wata halitta ce mai baƙin rai da ke zaune a kan dutse, tana jin haushin murnar mutanen wani ƙauye. Cikin dare ya sauko ya kwashe musu komai, kayan wasa, kayan ado, abinci, ko ɓurɓushi bai bari ba. Ya koma ya kasa kunne yana jiran ya ji kuka. Gari ya waye sai ya ji mutanen sun fito sun riƙe hannun juna suna waƙa. Nan ya gane cewa bikin nasu bai dogara da kaya ba. Ƙungiyar bankunan kasuwanci ta Amurka ce ta ɗauki nauyin wannan shiri. Bankuna, jama'a, su ne suka biya don a gaya wa yara cewa abin duniya ba komai ba ne.

Amma akwai wani abu da na lura da shi bayan na sake kallon waɗannan shirye-shirye da girmana. A cikinsu duka, kayan suna dawowa. Grinch da ya tuba, gangarowa ya yi ya mayar wa kowa kayansa, aka zauna aka ci nama. Bishiyar Charlie Brown da kayan adon da karensa ya ci gasa da su aka ƙawata ta. A 1978 shirin Sesame Street ya yi nasa na Kirsimeti, ya ari wani tsohon labari na O. Henry na 1905: abokai biyu, Bert da Ernie, kowanne ya je a ɓoye ya ba mai kanti abin da ya fi so a duniya don ya samo wa ɗan'uwansa kyauta. A labarin asali, miji da matar da suka yi haka sun yi asarar abinsu har abada. A na talabijin, mai kantin, Mista Hooper, ya biyo su gida ya mayar musu. Shi ma Rudolph, da masu kallo suka yi ƙorafin cewa an bar wasu kayan wasa marasa gata a wani tsibiri babu yaron da ya karɓe su, a shekara ta gaba sai da aka ƙara wani yanki inda aka je aka kwaso su. Wato yaron da ke kallo ana ba shi darasin haƙuri na minti 20, sannan a tabbatar masa cewa nasa kunshin yana nan a ƙarƙashin bishiya. Darasi ne da aka ɗinka daidai wuyan ƙasar da kaya suka yi wa yawa.

Yadda wannan darasi ya iso kudancin Jigawa, da abin da ya tarar, shi ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Kafin akwatin talabijin, majigi mutanenmu suka sani. Motar gwamnati ce ke zuwa gari, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko filin makaranta, bayan sallar isha'i a nuna fim na tsafta ko na noma, kamar Baban Larai na shekarun 1950 mai koyar da noman auduga. Tun daga nan kallon hoto mai motsi ya shigo mana a matsayin abin taro, kuma abin da ke ɗauke da darasi. Talabijin kanta ta fara ne a Ibadan ranar 31 ga Oktoba, 1959, a ƙarƙashin gwamnatin Obafemi Awolowo. Gwamnatin Sardauna ta buɗe ta Arewa a Kaduna a 1962. A 1977 gwamnatin soja ta haɗe tashoshin ƙasar a ƙarƙashin NTA, abin da ya sa shirin da aka yi a Legas yake iya fitowa a Kano a lokaci guda. Sai gwamnatin Abubakar Rimi, wadda ta hau a 1979, ta kafa wa jihar Kano tata tashar, CTV, wadda yanzu ake kira ARTV. A duk tsawon wannan lokaci Birnin Kudu da Gwaram ƙasar Kano ne, sai ranar 27 ga Agusta, 1991 aka yanke Jigawa, kuma gwamnan farar hula na farko da ta samu, Ali Sa'ad, ɗan Birnin Kudu ne.

Sai dai yanke jiha a takarda bai matso da turken watsa shiri kusa ba. Birnin Kudu ta fi kilomita 100 daga Kano, Gwaram kuma ta ƙara gaba, tana jingine da ƙasar Bauchi, ga duwatsu ko'ina. Hoton talabijin kuwa a miƙe yake tafiya, ba ya hawa dutse ya sauka kamar muryar rediyo mai gajeren zango. Shi ya sa duk gidan da ke da akwati a wancan zamani za ka gane shi daga nesa: dogon bututun ƙarfe ko gora ya zarce rufin ɗaki, da eriya a kansa kamar ƙashin kifi. Akan sa yaro ɗaya a gindin sandar yana murɗawa, wani daga ɗaki yana ihu, "Ya kawo! A'a, koma baya kaɗan!" Wata rana hoton ya fito tas, wata rana sai yayyafin fari da baƙi da murya a bayansa. In an ɗauke wuta, mai hali ya jona batirin mota.

Mu da muka tashi a shekarun 1990 mun tarar da sauran wannan zamani. Tasha ba ta buɗewa sai la'asar a ranakun aiki. Akwati ɗaya ne a layi, wani lokaci a unguwa gaba ɗaya. Maigidan da ya saya ya san ba nasa ba ne shi kaɗai, domin hana yaran maƙwabta kallo abin kunya ne da za a daɗe ana yi da mutum. Da magariba ta wuce akan fito da shi tsakar gida a ɗora a kan tebur, a shimfiɗa tabarmi, ƙanana a gaba, manya a baya, mata daga bakin ƙofar ɗaki. Da haka aka kalli Samanja, da haka aka kalli Kasimu Yero, da haka aka kalli Magana Jari Ce ta Abubakar Imam da NTA Kaduna ta mayar wasan kwaikwayo. Yara kuma suna da Voltron da Tom and Jerry, da Tales by Moonlight da NTA ta fara a 1984, inda wata mata ke zama da yara kewaye da ita ranar Lahadi da yamma tana ba su tatsuniya da Turanci. Abin da ban dariya idan ka tuna: an tara yara a gaban akwati suna kallon hoton yaran da aka tara ana musu tatsuniya, ga kakarsu a zaune a gefe da cikinta cike da labarin Gizo da Ƙoƙi, ba wanda ya waiwaye ta.

Disamba a wajenmu wata ne na sarari. An gama kaka, gero da dawa da riɗi sun shiga rumbu ko sun tafi kasuwar Sara, hunturu ya sauko, bukukuwan aure sun kankama. Makarantun boko sun ba da hutun zango na farko, wanda kowa ke kira hutun Kirsimeti ko da kuwa bai taɓa shiga coci ba. Mafi yawan mutanen yankin Musulmi ne, amma Kirsimeti ba baƙon abu ba ne. Akwai malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da 'yan sanda da masu yi wa ƙasa hidima da aiki ya kawo, akwai 'yan kasuwa Inyamurai da ke rufe shago su tafi gida a wannan wata, akwai kuma iyalai 'yan ƙasa, Hausawa da Warjawa, da ke bin addinin Kirista, waɗanda da Hausa suke addu'a da waƙa. Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa tun 1932. A gidajen irin waɗannan maƙwabta ne yaro Musulmi ke fara cin cincin da shinkafa da kaza ta ranar 25 ga wata, su kuma a kai musu nasu rabon naman layya idan Babbar Sallah ta zo.

A kwanakin hutun nan NTA kan cika da waƙoƙin coci daga Legas da katun-katun na ƙanƙara da bishiya da kunshin kyauta. Turancin ya fi ƙarfin yawancinmu, don haka hoto muke bi. Abin da hoto ke nunawa kuwa shi ne ɗaki mai ɗumi, tebur cike da abinci, da tulin akwatuna masu ƙyalli. Jawabin da ke cewa duk waɗannan ba su ne muhimmai ba yana wucewa ta saman kanmu. Wanda ya tsara shirin ya yi niyyar ya rage wa yaro kwaɗayi. Yaron Gwaram da ke zaune a kan tabarma da rigar sanyi ta gwanjo, abin da ya koya shi ne akwai wata ƙasa inda ake ba kowane yaro jirgin ƙasa na wasa.

Ko da a ce mun ji Turancin, ina ganin saƙon zai zo mana a karkace. Ginshiƙinsa shi ne a sa kyauta a gefe ɗaya na sikeli, iyali a ɗaya gefen, a ce wa yaro zaɓi. Bahaushe bai raba su haka ba. Dubi yadda Sallah take tafiya. Tun kafin a tafi idi an fitar da zakkar fid da kai don kada wani gida ya wayi gari babu abin dafawa. An sauko, sai kwanuka su fara yawo: tuwo da miyar taushe zuwa gidan Gwaggo, waina zuwa gidan Kawu, kuma yara ne 'yan aike. Wanda aka kai wa ba ya mai da kwano haka nan, zai ba ɗan aike tukwici. Washegari a shiga yawon Sallah, a bi dangi gida-gida, a durƙusa a gaida tsofaffi, su kuma su ba da goron Sallah. Yaro yana tafiya ne don naira biyar ɗin da zai samu, ba wanda ya jahilci wannan, amma kafin ya tara naira hamsin ya san ƙofar gidan kowane ɗan'uwan ubansa da na uwarsa, ya san wace ce Inna wace ce Yakumbo, ya san wanda ake wasa da shi da wanda ake jin nauyi. Ana cewa zumunta a ƙafa take. Ƙafar yaro kuwa goron Sallah ne ke motsa ta.

Wannan tsari ya girmi talabijin nesa ba kusa ba. Duk wanda ya karanta labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin tsohuwar a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, zai ga kusan babu wata alaƙa a ciki, ta aure ko ta ƙawance ko ta riƙo, da ba a ɗaure ta da musayar kaya ba. Hatta wasan kwaikwayon yara na lokacin ibada muna da namu kafin a kawo na Amurka, wato tashe. Daga goma ga azumi yara ke bin gidaje da dare, maza da gemun auduga, mata da ƙwarya da ludayi, suna kwaikwayon malami da boka da zaman miji da mata, suna yi wa rowa da lalaci da gwauranci ba'a. Darasi ne ake kai wa manya har tsakar gida, kuma ana gamawa a ba su hatsi ko kuɗi. Ba wanda ya taɓa cewa sadakar ta ɓata darasin. A wajen Kiristocinmu ma haka abin yake. Ƙungiyar matan coci a ƙasar Hausa sunanta Zumuntar Mata, kuma duk wanda ya ga yadda suke haɗa gudummawa idan haihuwa ko rasuwa ko Kirsimeti ta zo ya san zumuntar tasu da kwano a hannu take tafiya.

Ba ina cewa namu ba shi da ciwo ba. Yana da shi, kuma ya fi na katun zafi. Kayan Sallah a gidaje da yawa su ne sabon ɗinki ɗaya tilo da yaro zai gani a shekara. Uba kan fara lissafin yadin Kantin Kwari da kuɗin tela tun azumi bai kama ba, wani ya sayar da akuya, wani ya ci bashi. Wanda bai samu ba, ɗansa ba ya fita. Yana maƙale a ɗaki ranar idi, yana jin hayaniyar tsaransa da sababbin takalma da tabarau na roba, kuma da yake bai fita ba, bai je yawon Sallah ba, bai gaida kowa ba. Rashin riga ya yanke shi daga dangi na wannan rana. A nan babu Grinch da zai gangaro da kaya kafin a rufe shiri. Idan an ce wa wannan yaro kaya ba komai ba ne, an yi masa ƙarya, kuma ya sani. Abin da ke fitar da shi shi ne wani kawu ko maƙwabci da zai sayi yadi ya haɗa da na 'ya'yansa ba tare da ya yi shela ba.

Tashoshinmu na gida, da saninsu ko ba da saninsu ba, sun fi fahimtar wannan. A Legas da sauran manyan birane an bi salon Turawa, inda kantuna irin su Kingsway ke ajiye Fada Kirsimeti, iyaye su biya, yaro ya shiga ya karɓo kunshi. A Arewa kuwa shirin yara na Sallah da ya fi karɓuwa ba shi da labari ko kaɗan. Yara ne ake tarawa da sababbin kayansu, a miƙa wa kowanne abin magana, ya faɗi sunansa, sannan ya fara jero gaisuwa: babana, mamata, kakata da ke ƙauye, yayata da mijinta, malaminmu na allo. Wani ya rikice ya fashe da kuka, wata ta ƙi sakin abin maganar sai ta gama da dangin uwa kaf. Salon zaɓi-sonka ne na rediyo aka ba yara. Idan aka dace wani ɗan garinku da ke zaune a Kano ya fito ya ambaci sunan kakarsa, labarin sai ya kwana yana zaga unguwa. Bayan nan a nuna hawan Daushe, tsofaffi su matso suna nuna wa yara hakimai ɗaya bayan ɗaya, ana jiran a ga tawagar da aka sani. Ban san wani shiri da ya koyar da zumunci kamar wannan jerin sunaye ba, kuma ga shi kowane yaro a ciki sabuwar rigarsa yake nunawa.

Da yake watan Musulunci yana ja baya da kimanin kwana 11 kowace shekara, akwai lokacin da bukukuwan biyu suka haɗu. A 2000 Ƙaramar Sallah ta faɗo mako ɗaya da Kirsimeti, a shekarar da rikicin Kaduna na watan Fabrairu ya sa maƙwabta da yawa a Arewa suka fara kallon juna a kaikaice. A 2007 kuma Babbar Sallah ta riga Kirsimeti da ƙasa da mako guda. A irin waɗannan kwanaki akwati ɗaya ne ke nuna waƙar coci da yamma, ya nuna hawan sarki washegari, kuma yaran da ke kan tabarmar ba su canza ba, na malamin asibiti da na liman duk suna nan. Babu wanda ya tsara haka don haɗin kan ƙasa. Tashar ce ɗaya, akwatin ma ɗaya.

A nan ne nake ganin masu yabon waɗannan shirye-shirye suke ba saƙo ladan da na na'ura ne. Abin da ya tara iyalin Amurka a daren 9 ga Disamba, 1965 shi ne manyan tashoshi uku kacal ake da su, kuma wanda bai zauna a kan lokaci ba sai baɗi. A Suwidin, sama da shekara 60 ke nan, ƙarfe 3 na yamma ranar jajibirin Kirsimeti gidan talabijin na ƙasa ke nuna tsofaffin katun na Disney, iyalai su tsara cin abincinsu a kan wannan sa'a. Katun ɗin ba wani wa'azin zumunci ke cikinsu ba, agwagwa ce da ɓera suna shirme. Ƙayyadadden lokacin ne ya mai da su al'ada.

Aikina rubuta manhaja ne, kuma a wannan sana'a bambancin a bayyane yake. Tsohuwar talabijin turke ɗaya ne ke jefa abu ɗaya ga kowa a lokaci ɗaya, bai san wa ke kallo ba. Abin da ake ginawa yanzu kowace waya da nata layin, manhajar tana riƙe da tarihin abin da mai ita ya kalla, tana lissafa abin da zai sa ya ƙara minti biyar. Ma'aunin nasara shi ne tsawon zaman mutum ɗaya a gaban gilashi ɗaya. Babu wani gurbi a wannan lissafi da ake rubuta mutum nawa ne a kan tabarma. Kunyar da ta sa masu talla na 1965 suka ɓuya a bayan wa'azi ma ta daɗe da kau. Tun a 1984 hukumar sadarwa ta Amurka ta sassauta dokokin tallar yara, aka ƙara yawaita yin katun da kansa talla ne, irin su He-Man na kamfanin kayan wasa na Mattel, wanda shi ma ya yi nasa shirin Kirsimeti a 1985. Voltron ɗin da muka yi ta kwaikwayo a filin makaranta ɗan wannan zamani ne. A 2018 mujallar Forbes ta ce wanda ya fi kowa samun kuɗi a YouTube wani yaro ne ɗan shekara bakwai, dala miliyan 22 a shekara, kuma aikinsa buɗe kwalin sabon kayan wasa a gaban kyamara. Shi kansa Charlie Brown, a 2020 kamfanin Apple ya karɓe shi zuwa manhajarsa ta kuɗi, sai da jama'a suka yi ca kafin aka bar tashar PBS ta nuna shi kyauta a shekarar da wadda ta biyo baya.

A wajenmu sauyin a hankali ya zo. Kaset ɗin bidiyo ya shigo, finafinan Hausa suka fara da Turmin Danya a 1990, faifan CD ya biyo baya, kallo ya tashi daga lokacin tasha ya koma lokacin da aka ga dama, amma har a lokacin a taru ake yi. Wayar salula ta zo a 2001, StarTimes a 2010, Arewa24 a 2014. An yi ƙoƙarin yi wa yaran Nijeriya nasu, kamar Sesame Square da NTA ta fara nunawa a 2011. Sai dai kafin irin waɗannan su kafu, akwatin ya riga ya koma cikin ɗaki, kowane gida da nasa, daga nan kuma ya koma tafin hannu. Yanzu a kasuwar Birnin Kudu akwai masu tura finafinai da katun a waya a kan 'yan kuɗi kaɗan. Uwa mai aiki ta miƙa wa ɗan shekara uku wayarta don ya yi shiru, yayansa yana can lungu da tasa. Goron Sallah ma wasu kawunai ta banki suke turo shi daga Abuja, ya shiga asusun uwa, yaron bai taka ko'ina ba.

Wurin da ya rage ana cika a gaban gilashi ɗaya a ƙarshen Disamba shi ne gidan kallon ƙwallo. Ranar 26 ga wata, washegarin Kirsimeti, ƙungiyoyin Firimiyar Ingila kan buga wasa bisa tsohuwar al'adarsu, kuma wasan ƙwallo ba ya jiran kowa, in an take an take. Tun la'asar za ka ji ƙarar janareta daga rumfunan kwano a Birnin Kudu da Gwaram, benci ya cika, ɗan Arsenal kusa da ɗan Chelsea, Musa kusa da Bulus, yara sun tsugunna a gaba kamar yadda muke yi a da. Ana biya a bakin ƙofa. Mata da 'yan mata da tsofaffi suna gida.